Etelka da Kukan da Bai Hau Faifai Ba

Tun ranar da aka kawo Csordás Etelka cibiyarmu na san wannan ba za ta bar kowa ya huta ba. Doguwa ce siririya, da gilashi mai kaurin gindin kwalba, da wata rigar sanyi ruwan toka wadda sai zafi ya yi zafi take cirewa. Ni Jolán, aikina kula da rikoda da faifan tef a ɗakin ƙasa na cibiyar binciken waƙoƙin gargajiya, nan Budapest. Ni ke share na'urori, ni ke haɗa tef in ya tsinke, in kuma za a fita ƙauye ɗaukar murya, ni ke saɓa akwatin rikodan nan mai nauyin tsiya. Manyan malamai suna sama suna rubutu, mu biyu muna ƙasa muna shaƙar ƙura.

Kowa a cibiyar da abin da yake bi. Wani waƙoƙin makiyaya, wani na biki, wani na wasan yara. Ita Etelka kukan makoki ta zaɓa, irin wanda tsofaffin matan ƙauye ke yi a kan gawa. Mace za ta tsaya a kan mamacinta ta yi ta yi masa magana cikin kuka, kalmomin nan take suke zuwar mata, amma karin da take ɗora su a kai gadonsa ta yi. Kowane kwari da karinsa, kuma mai kunne yana ji zai gaya maka inda aka haifi matar.

Na ce mata, "Ke kuwa duk waƙoƙin duniya ki rasa wadda za ki bi sai ta mutuwa? Da wannan fuskar taki da wannan sana'ar, wa zai kwashe ki?"

Ta ce, "Joli, in kin gama wa'azin, ɗora min faifan jiya."

Haka take, ba ta iya raha ba, amma ba ta da mugunta. Sai da muka daɗe tare ta gaya min dalili. 'Yar Egresd ce, wani ɗan ƙauye can cikin tsaunukan arewa. Babanta mai saran itace ne a daji, tana ƙarama itace ta faɗo masa. Uwarta, Veron néni (néni muke ce wa babbar mace, kamar a ce inna), daga wani gari na nesa aka auro ta, inda an daɗe da barin kukan makoki, saboda haka ba ta iya ba. Yayar baban, Rozi néni, ita ta tsaya a kan gawar ƙaninta ta yi masa. Etelka ta ce tana riƙe da ƙafar tebur tana saurare. Karin yana hawa sau ɗaya ya maƙale can sama, kamar mai kiran wani daga ƙetaren rafi, sannan ya gangaro a hankali. Ta saurari duk faifan da ke ma'ajiyarmu, ba ta ji mai kama da shi ba.

To a shekarun nan cibiya na haɗa babban littafi na kukan makokin ƙasar duka, kowane kari da rubutun sautinsa da faifan da aka ɗauke shi. A ofishin Farfesa Kerekes, shugaban aikin, akwai taswira a bango, duk ƙauyen da aka samu muryarsa an soka masa allura. Wurin Egresd babu komai. Etelka ta rubuta abin da ta tuna ta kai masa. Mutumin kirki ne, ya duba da kyau, ya cire gilashi ya ce, "Yana da ban sha'awa, Etelka, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma tunanin yarinta ba hujja ba ne. Kawo min shi a faifai daga bakin mai shi, in ba shi shafi guda shi kaɗai. Da ƙarshen hunturu littafin zai tafi wurin bugu."

Kuma mai shi ɗaya ce ta rage a duniya. Sa'o'in Rozi néni duk sun mutu, 'yan baya kuwa kunyar abin suke ji, sai dai su sa hankici a baki su yi ta shessheka. Tsohuwar ta haura tamanin. In ta tafi, karin Egresd ya tafi, kamar ba a taɓa yin sa ba.

Muka fara zarya. Jirgin ƙasa, sannan bas, sannan ƙafa, akwati a kafaɗata ina tsine wa wanda ya ƙera shi. A wasu ƙauyukan abin ba wuya. Ka zauna da tsohuwa, ka ce ta tuno uwarta ko mijinta da ya daɗe a ƙasa, ta rufe fuska da gyale ta yi shiru, can sai kukan ya ɓalle da kansa. Rozi néni kuwa ba a haka take ba. 'Yar guntuwa ce mai baƙin ɗankwali da ido kamar na shaho. Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar birni, sauke kayan nan kafin ya karya miki ƙugu, ga shi ko aure ba ki yi ba." Ta zuba mana miyar wake, ta yanka burodi da kitsen alade, ta tsiyaya mana pálinka, barasar ƙauye mai ƙona maƙogwaro. Sai da muka ƙoshi Etelka ta kawo maganar.

Tsohuwa ta ce, "Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Rozi néni. Tunawa kawai za ki yi. Ki tuno Baba."

"Babanki na yi masa nasa, ya tafi da abinsa. So kike in tono shi?"

"Ko kaɗan ne, ko layi ɗaya."

"Layi ɗaya! Ji ta, kamar mai sayen yadi. Wannan kukan ba a kiransa babu gawa, 'yata. In kika kira shi ya zo bai tarar da kowa ba, zai nemo wa kansa. Karatun naki bai gaya miki ba?"

Ta yi mana waƙoƙin biki, ta yi na tsinkar gashin agwagi, har da wata ta batsa da ta sa na ƙware da dariya. Kukan makoki kuwa ta kafe. Mijinta Gáspár bácsi (bácsi muke ce wa dattijo, kamar a ce kawu), tsohon ma'aikacin haƙar kwal ne, ƙurar rami ta cinye masa huhu, yana zaune gefen murhu yana tari yana yi mana dariya. Ya ce, "Ku haƙura, 'yan mata. Ni da na aure ta ban taɓa sa ta abin da ba ta yi niyya ba."

Babu abin da Etelka ba ta yi ba. Ta tone wa tsohuwar dankali har hannunta ya yi kanta. Ta nemo wa Gáspár bácsi magani daga birni. Ta kawo takardar yabo daga cibiya, Rozi néni ta naɗe ƙwai da ita. Ta durƙusa a tsakar ɗaki ta kama siket ɗinta tana roƙo, tsohuwa ta ce, "Tashi, ƙasa da sanyi." Duk dawowarmu sai in ga Etelka ta ƙara ramewa. Ba ta cin abinci, ba ta jin magana. Har ta kai in mun sauka gidan uwarta, tambayarta ta farko ita ce wa ke kwance a gari, kuma yaya jikin nasa.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce, "Etelka, kin ji kanki kuwa? Kin zama ungulu! Mutuwa kike wa mutane fata don Farfesa ya soka allura a bango?"

Ta fashe da kuka ta ce, "Ba fata nake ba, Joli. Amma in ita ta riga su fa? In ita ta riga su, shi ke nan."

Tausayinta ya kama ni, ga haushinta kuma.

Akwai wata dabara da masu bincike ke yi, kuma tana ci. In tsohuwa ta ƙi waƙa, sai ka kunna mata faifan wata daga ƙauyen da ke kusa. Ba za ta iya daurewa ba, za ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai shirme ne, ba haka ake yi ba," ta rera maka daidai don ta nuna ta fi. Da waƙar biki mun sha yin haka. Mu kuma a ɗakin ƙasan nan kukan makoki ya zame mana kamar ƙarar famfo. Muna cin abincin rana mata suna kukan mazajensu a lasifika, muna hirar takalmi, mu mayar da faifai baya mu sake. Etelka 'yar ƙauyen ce, ta san komai, amma shekarun da ta yi a ɗakin nan sun sa ta manta abin da wannan sautin yake nufi a gidan da mutane ke zaune.

Zuwanmu na ƙarshe sanyi ya riga ya shigo, hanya duk taɓo. Gáspár bácsi ba ya gefen murhu, jiki ya yi tsanani, yana kwance a ƙuryar ɗaki, ƙofar a ɗan buɗe don ɗumi ya shiga. Rozi néni na juya miya. Ni ina gasa hannuwana, na ga Etelka ta zaro faifai daga jakarta ta ɗora, na ɗauka waƙar biki ce za ta sa don a warware. Ta murɗa.

Muryar wata mata ta cika ɗakin girkin, mata daga wani kwari, wadda ta daɗe da mutuwa ita ma. "Wayyo mijina, wayyo ginshiƙin gidana, wa ka bar wa ni? Wa zai shigo min da itace, wa zai kira sunana?"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Rozi néni. Kafin wani ya motsa, sai muka ji murya daga ƙurya, a shaƙe, cikin tsoro kamar ta ƙaramin yaro.

"Rozi! Rozi, wa ake wa kuka? Ni ne?"

Wallahi har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Na yi tsalle na kashe na'urar. Tsohuwa ta ruga ƙurya, muna jin ta tana cewa, "Ba kai ba ne, tsohon banza, kwanta, akwatin yaran nan ne." Da ta fito ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe ƙofar waje, iska mai sanyi ta shigo, ta tsaya riƙe da ita.

Etelka ta ce, "Rozi néni, don ki gyara ne kawai, don ki ce ba haka ake..."

"Fita."

Mako bai zagayo ba Gáspár bácsi ya rasu. Likita ya ce huhun ya daɗe da ƙarewa, ko da akwati ko babu akwati ba zai ga bazara ba. Wa zai saurari likita? Duk Egresd sun san 'yar Veron ta kawo kukan gawa cikin akwati ta kunna wa mai rai.

Da labari ya iske mu, na zaci Etelka za ta rufe kanta a ɗaki don kunya. Ina! Sai ga ta da sassafe a ɗakin ƙasa tana duba batir. Ta ce, "Yanzu za ta yi, Joli. Yanzu akwai gawa." Idonta jajur. Na ce mata ta ji tsoron Allah, kuma ni ba zan saɓa akwatin nan ba ko za a kore ni. Ta saɓa da kanta. Na bi ta don kada ta faɗi a hanya.

An fito da akwatin gawa tsakar gida, mutane cike. Maza biyu suka tare mu a ƙofa, ɗaya ya ce wa Etelka, "Ke dai ba ki da ta ido. Koma inda kika fito." Ta zagaya bayan shinge, ta durƙusa cikin taɓo, ta sa abin saurare a kunne, ta cusa makirfo ta tsakanin ƙirare. Can ciki Rozi néni ta ɗaga murya. Ni da nake tsaye hannu wofi na ɗan jiyo ta, sama-sama, kuma ko ni 'yar birni sai da na tsaya cak na kasa kunne. A daidai lokacin ƙararrawar coci ta fara bugawa, cocin kuwa ga shi nan kusa da shingen. Karnukan unguwa suka ɗauka. Etelka na ta murɗa maɓallai, idonta a kan allurar na'ura, hawaye na zuba a kan gilashinta. Da aka ɗauki gawa aka fita, ta ɗago ta ce min, "Ya hau? Kin ji ya hau can sama?" Ita ba ta ji komai ba sai ƙararrawa a cikin kunnuwanta.

Abin da faifan ya kama ke nan: ƙararrawa, haushin karnuka, iska, da wani siririn zaren murya da ke ɓullowa ya ɓace. Farfesa ya saurara sau da yawa, ya girgiza kai, ya ce ya yi baƙin ciki. Littafin ya fito babu Egresd.

Shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin faɗi. Etelka ba ta bar aiki ba, ba ta yi aure ba, ta rubuta abubuwa masu kyau a kan kukan wasu garuruwa, ɗalibai daga ƙasashen waje suna zuwa neman ta. Amma da an tashi aiki sai ta ɗora faifan nan, ta ƙure ƙara, tana neman zaren murya a ƙarƙashin ƙararrawa. Na yi faɗa har na gaji. Kunnenta na hagu a haka ya mutu. A ƙauye kuwa uwarta ce ta sha wuya, an daɗe mata ba sa zama kusa da ita a coci. Duk abin da Etelka ta aika wa Rozi néni, gyale ne ko magani, a naɗensa yake dawowa. Tsohuwar kuma ta ƙi mutuwa, ido ya tafi, baya ya lanƙwashe, tana nan daram.

Sai Veron néni ta rasu, da bazara, tana cikin shanya kaya.

Wannan karon babu akwati, babu jaka. Muna sauka daga bas Etelka ta zarce gidan Rozi néni, ni ina biye. Muka same ta a benci bakin ƙofa tana shan hantsi. Etelka ta durƙusa gabanta ta ɗora hannuwanta biyu a cinyarta.

"Ni ce, Rozi néni. Taɓa ki ji, ban zo da komai ba. Ba don littafi ba ne, littafi ya daɗe da fita. Mama ce. Ba ta da kowa a garin nan da zai yi mata sai ke. Don Allah kada a binne ta shiru."

Tsohuwa ta shafa hannuwan, ta shafa fuskar har gilashin.

"Veron mutuniyar kirki ce," in ji ta. "Baƙuwa ta zo, ba ta taɓa ɓata wa kowa ba. Zan zo in zauna da ita."

"Za ki yi mata?"

"Gáspár da tsoro ya mutu, Etelka. Kwanakin da suka rage masa, duk motsin ƙofa sai ya tambaye ni ko masu ɗaukarsa ne. Ke kina da kuka cike da akwati. Kunna mata."

Na so in ce haba tsohuwa, ya isa haka, amma sai na kama Etelka na ɗaga ta muka wuce.

Rozi néni ta zo kuwa. Aka riƙo ta aka zaunar da ita a kujera kusa da kan gawar, a tsakar gidan su Etelka, ta dafa sandarta da hannu biyu. Fada ya gama addu'a. Akwai ɗan lokacin da ake bari kafin a rufe akwati, lokacin kuka ke nan, kowa ya sani. Aka yi tsit. Duk ido ya koma kan Rozi néni, ita kuwa ta haɗe leɓɓanta. Kafinta na tsaye da murfi da guduma. Da shirun ya yi yawa, sai matan suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya suna kallon 'yar mamaciyar.

Etelka ta matsa, ta cire gilashi ta miƙo min, ta dafa gefen akwatin. Ta buɗe baki. Murya ta fito, kuma da kyau ta fito, "Wayyo Mama, wayyo uwata mai haƙuri," har wasu mata suka fara shessheka. Ba ta kai ƙarshen layi na biyu ba ta tsaya cak. Ta juyo gare ni, fuskarta ta yi fari fat.

"Ba shi ba ne, Joli. Wannan na bakin kogi ne."

Na ce, "Ci gaba, wa ya sani? Ci gaba kawai!"

Ta sake ɗauka daga farko, ta sake tsayawa. "Wannan na kudu ne." Ta sake. Duk karin da ya zo bakinta ta san garinsa, ta san sunan matar da ta yi shi, har akwatin da faifansa yake ciki a ɗakin ƙasa ta sani. Ta dafe kai da hannu biyu tana lalube, tana fara sauti tana yankewa, a gaban gari duka. Ta juya wajen kujera ta ce, "Rozi néni, farkon kawai. Ɗora ni a kan farkon, ni zan ƙarasa."

Tsohuwa ta juya fuskarta wajen kafinta ta ce, "Rana na yi. Ku rufe."

Aka ɗora murfi, aka buga ƙusoshi. Etelka na tsaye bakinta a buɗe, babu abin da ke fita. Ni na riƙe ta har maƙabarta, na riƙe ta har tashar bas. A hanya ba ta yi kuka ba. Ta jingina kai da taga, leɓɓanta na motsi, tana gwada wani sauti can ƙasa-ƙasa tana girgiza kai, ta sake gwada wani. Haka ta yi ta yi har muka shigo Budapest.